Hutun mako guda a Birnin Kano da kewaye: ta ina za a fara?

Dan_Zango_Kumasi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Muna shirin zuwa Kano daga Kumasi a ƙarshen Disamba, mu shida, manya huɗu da yara biyu, kwana bakwai. Burinmu mu ga ganuwa da ƙofofin gari, sannan mu leƙa garuruwan da ke kusa. Tambayoyina uku ne. Ganuwar tana nan har yanzu ko sai labari? Mu sauka cikin birni ko waje? Wane gari ne za a iya zuwa a dawo a yini ɗaya da yara?

Bakano_Dala: Wa alaikumus salam, maraba da baƙi. Ganuwa tana nan, amma kada ka sa ran ganin katanga ta zagaye gari. Yawancinta ta zube ko an yi gini a kai. Inda ta fi saura shi ne gefen titin BUK, wato Jami'ar Bayero. Ka fara daga Ƙofar Ɗan Agundi ka yi yamma: Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya, Kabuga. Tsakanin waɗannan za ka riƙa ganin guntayen badala, wani wuri ta fi tsayin mutum uku, wani wuri tudu ne kawai. Ku fita da an idar da sallar asuba, gari na wayewa, kafin ƙarfe tara titin ya cika. Ku ɗauki mota, ku riƙa sauka a kowace ƙofa. Tafiyar ƙafa gaba ɗaya ta yi wa yara yawa.

Malam_Na_Madabo: Ƙari kan bayanin Bakano. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, aka sake faɗaɗawa a ƙarni na 17 zamanin Muhammadu Nazaki. Shi ya sa ƙofofin ba sa'o'in juna ba ne. Kansakali da Mazugal da Waika tsofaffi ne ƙwarai, Sabuwar Ƙofa da Famfo kuwa zamanin Turawa aka huda su. Idan za ka zagaye duka, bayan Kabuga sai Kansakali, Waika, Dawanau, Ƙofar Ruwa, Mazugal, Wambai, Ƙofar Mata, Nassarawa, Sabuwar Ƙofa, ka dawo Ɗan Agundi. Goma sha biyar ke nan.

Bazazzagi_Na_Kwarbai: Kanawa dai ba sa rabo da cika baki. Ɗan uwa, ƙofofin da suke lissafa maka, da yawansu siminti ne aka yi wa fenti ruwan ƙasa. An rushe na asali don faɗaɗa titi. In ganuwa kake so ka zo Zazzau.

Bakano_Dala: To ga abokin wasa ya iso. Maganar siminti gaskiya ce, Na'isa da Nassarawa da Sabuwar Ƙofa duk sabon gini ne. Amma ku ma taku ganuwar ai awaki ke kiwo a kai.

Magini_Sarari: Bari in faɗi abin da ke cin ganuwar, don mai tambaya ya san abin da zai kalla. Da tubali aka yi ta, irin mulmulallen nan mai faɗin gindi da tsinin kai, ana jera shi ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a bi da yaɓe. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe duk bayan damina. Da can aikin gayya ake yi, kowane yanki da nasa rabon. Da aka daina, ruwan sama ya wanke yaɓen, ya shiga tsakanin tubali. Abin da ya fi yi mata illa kuma ba daga sama yake zuwa ba, daga ƙasa ne: ruwa ya kwanta a gindinta, gishirin ƙasa ya hau, gindin ya rarake, saman ya rasa abin dogaro ya rufto. Ga masu ɗibar ƙasa su yi bulo, ga masu zuba shara. Kududdufan da za ka gani gefen titin BUK, yawancinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne da kwarin da ke bayan ganuwa, yanzu ana ta cike su.

Saboda haka kada ku bar yara su hau. Waje yana iya zama da ƙarfi a ido alhali ciki kogo ne. Inda ka ga tsaga ta miƙe daga sama zuwa ƙasa, ko gindi ya shige ciki kamar an ƙwaƙule, ku tsaya nesa.

Hajiya_Mai_Lalle: Maganar masauki ba wanda ya taɓa. Alhaji, cikin birni ba wurin otal ba ne, gidajen mutane ne da lunguna. In kuna da dangi a ciki, to madalla, amma ku shida da yara ku nemi masauki a Nassarawa GRA ko Bompai, ko wajen titin Gidan Zu in kuna son mai sauƙi. Daga Nassarawa zuwa Ƙofar Nassarawa bai fi minti goma sha biyar ba in babu cunkoso. Kafin ku biya ku tambayi abu uku: awa nawa suke kunna janareta ko suna da sola, akwai ruwan zafi, akwai gidan sauro. A Disamba sanyin asuba yakan sauko ƙasa da digiri 15, mutumin Kumasi zai ji shi sosai. Ku zo da rigunan sanyi, man kaɗe ko basilin don kaushi da fashewar leɓe, da takunkumi ga mai asma saboda ƙura.

Dan_Zango_Kumasi: Na gode Hajiya. Ashe batun kwana cikin birni a ajiye shi. To cikin garin kwana nawa zai ishe mu?

Malam_Na_Madabo: Uku. Ranar farko ganuwa da safe kamar yadda aka faɗa, sannan Gidan Makama. Kada a juya tsarin, domin a Gidan Makama ne aka ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, sai wanda ya ga ƙofar tukuna zai gane girman abin. Gidan kansa na ƙarni na 15 ne, Rumfa ya zauna ciki yana Makama. Ku ɗaga kai ku kalli rufin zaurukan, daurin guga da jerin azara, ya fi wasu kayan da ke cikin gilashi daraja. Daga nan Gidan Rumfa, wato fadar sarki, tsallaken titi ne, ta Ƙofar Kudu. Farfajiya kowa na iya tsayawa, shiga ciki kuwa sai da izini, ku yi magana da dogarai cikin ladabi, kada a ɗaga waya ana ɗaukar hoto kafin a tambaya. Babban masallaci yana ɗaya ɓangaren fadar, ginin da ake gani yanzu na farkon shekarun 1950 ne, zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Rana ta biyu Dala da Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Rana ta uku Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a 1909, sai Kantin Kwari don masu sayayya.

Yar_Fagge: Dala da sassafe ko bayan la'asar. Matakalar ba ta da wani yawa, amma tana da tsayi kuma wasu wurare sun gutsure, dattijo ya hau a hankali. A sama babu inuwa babu mai sayar da ruwa, ku hau da naku. Abu ɗaya: in hazo ya sauka ba abin da za ku gani, ko Goron Dutse da ke kusa sai ya ɓace. Kada ku kafe wa rana ɗaya, duk safiyar da kuka ga sama ta washe ku tafi Dala, ku ɗage sauran. Kuma ku tafi da ɗan gari, kada ku kai magariba a sama.

Direban_Kofar_Ruwa: Hazon nan har jirgi yana hanawa sauka. Tunda ta Legas ko Abuja za ku biyo daga Akara, ranar komawa kada ku haɗa jirgin Kano da na Akara a yini ɗaya da tazarar awa biyu. Ku bar kwana guda tsakani. Agogon Najeriya kuma yana gaban na Gana da awa ɗaya.

Zirga-zirga cikin gari: an hana acaɓa ɗaukar fasinja tun 2013, adaidaita sahu ne abin hawa, shi ma daga goma na dare zuwa shida na safe an hana shi. Ku shida adaidaita biyu ke nan, kullum ciniki. Ya fi muku sauƙi ku ɗauki shatar mota mai kujera bakwai na yini. Ku yi magana a fili tun farko: kuɗin da mai ne ko ba mai, ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, wa zai ciyar da direba. Rigima kullum daga nan take tasowa. Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar muhalli, ba a fita daga bakwai zuwa goma na safe, kuma tafiyarku za ta iya faɗawa kanta. Juma'a daga sha biyu zuwa uku kada ku shiga birni da mota.

Marini_Dan_Gado: Tunda an ambaci Ƙofar Mata. A jikin ƙofar marinar an rubuta 1498. Ku zo tsakanin tara da sha biyu, lokacin ake tsoma kaya. Rijiyoyin da yawa sun bushe, kaɗan ke aiki, kada hakan ya ba ku mamaki. Yadda ake haɗawa: a cika rijiya da ruwa, a zuba toka da katsi, a sa baba, a bar shi ya ruɓa, ana motsawa da dogon itace kullum har kumfa mai shuɗi ta taso. Zane in an tsoma an ɗago kore-kore yake fitowa, iska ce ke mai da shi shuɗi. Shi ya sa ake tsomawa a ɗaga, a tsoma a ɗaga. Mai haske ba ya daɗewa, mai duhu sosai yakan ci sa'o'i.

Wajen saye: rinin baba na gaskiya yana da warinsa, yana ɗan zuba a hannu, kuma launin ba ya zama ɗaya sak ko'ina. Na kanti da aka dafa a tukunya yakan fi ƙyalli, ba wari. Duka ana sayarwa, ba laifi ba ne, amma ka tambaya wanne ne kafin ka biya kuɗin na baba. Wankin farko da ruwan sanyi, shi kaɗai, ba omo mai ƙarfi, a shanya a inuwa. Ku leƙa wurin mabuga a gefe, inda ake buga shadda a kan gungume har ta yi sheƙi. In kun ɗauki hoton mai aiki ku ba shi wani abu, kai tsaye a hannunsa.

Hajiya_Mai_Lalle: A Kurmi kuma ku shiga da wanda ya san lungunan, in ba haka ba 'yan kamasho za su ja ku shagon da suke da kaso. Layin dukawa daban, na 'yan sirdi da kayan doki daban, na 'yan turare da kayan ƙamshi daban. Fata in ta gaske ce bayanta da gashi-gashi, in ka ga zare a baya roba ce. Taya daga rabin abin da aka faɗa, a haɗu a tsakiya.

Dan_Zango_Kumasi: Kuɗi fa? Mu zo da sidi ko dala?

Alhaji_Na_Wapa: Dalar Amurka, sababbin takardu manya, ba yagewa ba tambari. Ƙananan takardu da tsofaffi farashinsu ƙasa yake. Sidi ba kowa ke karɓa ba, mai karɓa ma zai karya ta. A Wapa cikin Fagge ake canji. Shiga ofis, kada ka tsaya bakin titi. Yawancin ciniki yanzu da tiransifa ake yi, ku kuma ba ku da asusun Najeriya, don haka ko ku riƙe takardar naira, ko a tura kuɗin asusun wanda kuka amince da shi ya riƙa biya. Layin waya kuwa, ku buɗe romin tun daga gida, wato layinku na Gana ya yi aiki a nan. Fasfo ɗinku na ECOWAS ya wadatar ba biza, amma kowa da katin rigakafin shawara, har yaran.

Bakatsine_Kofar_Soro: An cika mutum da Kano an manta tambayarsa ta uku. Daura. Kimanin kilomita 130 ta Ɗambatta da Kazaure, awa biyu da ɗan wani abu. Ku bar Kano bakwai na safe, ku ga rijiyar Kusugu inda labari ya ce Bayajidda ya kashe macijin da ke hana ɗibar ruwa sai Juma'a, ku ga fada, ku juyo bayan azahar. An gina ɗaki a kan rijiyar, har yanzu da ruwa, ana ɗebo wa baƙi. In ranar Lahadi ce kun haɗa da kasuwar Ɗambatta a hanya. Katsina kuwa kimanin kilomita 170, akwai hasumiyar Gobarau da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka mai da gidan tarihi, da ƙofofinmu, Ƙaura, Guga, Durɓi, Sauri, Marusa, Ƙwaya, 'Yanɗaka. Amma Daura da Katsina a yini ɗaya da yara ganganci ne. Zaɓi ɗaya, ko ku kwana Katsina.

Direban_Kofar_Ruwa: Na goyi bayan Daura. Ƙa'idar hanya ɗaya ce ko ina za ku: babban titi kawai, ba yanke ta ƙauye, kuma magariba ta same ku cikin Kano. Labarin tsaro yana canzawa mako zuwa mako, ku tambayi direbobin tasha ana gobe tafiya, sun fi kowa sanin halin da ake ciki.

Bazazzagi_Na_Kwarbai: Wasa a gefe, Zariya ta cancanci yini guda. Kimanin kilomita 150 a kan tagwayen hanya. Ku shiga ta Ƙofar Doka zuwa fada. Abin gani shi ne tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu a ƙarni na 19. An lulluɓe shi da sabon gini, daga waje ba za ka san yana ciki ba, sai ka nemi masu kula su nuna maka ginshiƙai da bakunan ƙasa. Duk mai son ginin Hausa bai ga komai ba in bai ga wannan ba.

Magini_Sarari: A nan kam ba ni da ja, ko da Bazazzagi ne ya faɗa.

Malama_Rano: Yara za su gaji da tsofaffin gine-gine, a ba su yini ɗaya na ruwa da duwatsu. Dam ɗin Tiga kimanin kilomita 70 kudu, an gama shi a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. A hanya za ku ratsa Kura da Kadawa, a Disamba noman rani ya kankama, tumatir da albasa da alkama ko'ina. Ku tafi da abincinku, kada ku dogara da samu a can. Yara kada su shiga ruwan dam ko na kanal, akwai tsargiya, wanka ɗaya ya isa a ɗauka. Kwalekwale in babu rigar ruwa ga kowa, a haƙura. Daga Tiga Rano ba nisa, gari ne cikin Hausa Bakwai, duwatsu sun kewaye shi. Dajin Falgore da za ku gani a jerin wuraren yawon buɗe ido, ku bar shi, ba wurin kai iyali ba ne yanzu.

Dan_Hadejia: Ba wanda zai ambaci Jigawa? Birnin Kudu akwai zanen shanu na mutanen da a jikin duwatsu, Dutsen Habude da Dutsen Mesa, kimanin kilomita 130 ta Wudil. Sai an nemi mai kula ya raka ku, don wasu an kewaye su. In Juma'a ce kasuwar shanu ta Wudil tana ci, abin kallo ce, amma tana toshe gada. Dausayin Baturiya ma lokacin zuwan tsuntsayen Turai ne daidai, sai dai ta yi nisa, sai da kwana a Haɗeja.

Yar_Fagge: Kwana bakwai ne fa jama'a, ba wata guda ba. Uku cikin gari, ranar isowa da ta komawa ba a lissafa su, saura biyu. Ni dai Daura da Tiga.

Bazazzagi_Na_Kwarbai: Zariya da Tiga. Hanya ɗaya ce ma.

Direban_Kofar_Ruwa: Hanya ɗaya ce amma ba yini ɗaya ba.

Dan_Zango_Kumasi: Hawan sarki fa, akwai damar mu gani? Dattijon da ke cikinmu kuma yana tambayar ta wace ƙofa Turawa suka shiga.

Malam_Na_Madabo: Hawa sai da sallah: hawan idi, washegari Daushe, sannan Nassarawa, sannan Ɗorayi ko Fanisau. UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Disambar ba ta faɗa kan sallah ba, kuma tun da rikicin sarauta ya taso a 2024 an sha dakatar da hawan, saboda haka ko wani lokaci kada a sayi tikiti dominsa sai an tabbatar. Ka gaya wa Baba, ranar 3 ga Fabrairu 1903 ne, Kanal Morland ke jagorantar sojan, Sarki Alu kuma ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Abin da aka fi faɗa shi ne sun gwada Dukawuya suka ga ba dama, suka koma Kabuga suka fasa.

Bakano_Dala: Allah gafarta Malam, akwai masu cewa Dukawuyar ce aka fasa, Turawa ne suka rikita sunayen a rahotonsu. Duk biyun dai suna jere, Baba ya tsaya a kowacce.

Kuma tunda daga Kumasi kuke, akwai abin da ya shafe ku kai tsaye. Fataken goro na Gwanja daga unguwannin nan suke tashi, Alhassan Ɗantata ma ya yi kasuwanci a ƙasarku kafin ya kafu a Kano, ya rasu 1955. Ku bi ta Ƙoƙi da Sarari in kun fito daga Kurmi. Kasuwar goro kuwa yanzu tana Mariri, kan titin Maiduguri.

Hajiya_Mai_Lalle: Abinci kada a manta. Gurasa bandashe a wajen Jakara, da hantsi tana da zafi. Kilishi a Agadasawa, in na tsaraba ne a sa a gasa muku sabo, a bar shi ya huce sarai kafin a naɗe a takarda, in aka ƙulle shi da ɗumi a leda fumfuna yake yi. Alkaki da dubulan sun fi jure tafiya. Fura a dama muku da ruwan roba a gabanku, ba ƙanƙara, saboda cikin yara.

Magini_Sarari: Komawa kan tambayar farko. In lokaci ya ƙure ba za ku iya ƙofa goma sha biyar ba, ku ɗauki Gadon Ƙaya zuwa Kabuga kawai, sannan ku shiga ta ciki ku kalli bayan badalar, ba fuskar titi kaɗai ba. Ta ciki ne ake ganin kaurin gindin da jerin tubali inda yaɓe ya zube.

Dan_Zango_Kumasi: Allah ya saka da alheri. Tiga ta tabbata saboda yara. Daura da Zariya kuwa an rabu biyu a gidan, Baba na son Kusugu. Direba, mota mai kujera bakwai za ta ɗauke mu da 'yan kaya, ko sai bas?

Direban_Kofar_Ruwa: Za ta ɗauka in jakunkuna na masauki. Ranar ɗauko ku daga filin jirgi ne kawai za ku buƙaci mota biyu. Ka duba tayoyi da safaya da idonka kafin ka ba da kafin alƙalami, kuma a sha mai tun ana gobe tafiya, kada a ɓata safiya a layi.